Kular Abinci Na Dawowa A Cike, Kuɗin Tara Na Ƙarewa A Lemo

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Babban namiji ne, shekararsa 9, yana aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta. Kullum da asuba nake tashi in dafa masa abin da zai tafi da shi, babansu kuma ya ba shi naira 500 kuɗin tara. Tun zangon da ya wuce kular take dawowa yadda na rufe ta. Da na bincika sai na gano lemon roba yake saya a shagon cikin makaranta, in an tashi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya sayi alewa da ƙanƙara mai kala. A Islamiyya ma haka, da kuɗin da kakarsa ke danƙa masa a ɓoye. Yanzu haƙori na hana shi barci, makon jiya kuma mai shago ta aiko wai tana binsa naira 1,800. Na yi faɗa, na yi duka, ba abin da ya sauya. Babansu ya ce yarinta ce, in ƙyale shi. Shagon na matar mai makarantar ne, mai tallar bakin ƙofa kuma maƙwabciyata ce da mijinta ya rasu, da sana'ar take riƙe marayunta. Mahaifiyata da ciwon suga ta rasu, shi ya sa hankalina ya tashi. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta, ke kuma ya ba ki ladan tashin asubar nan.

Abin da zan fara roƙonki shi ne ki rataye bulalar. Ban ce yaron ya kyauta ba, cin bashi a bayan idon iyaye laifi ne, kuma za mu zo kansa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki bi shi da ido tun daga fitarsa gida. Da safe ya ratsa ta gaban farantan talla kafin ya shiga ƙofa. Ana kaɗa ƙararrawar tara ya tarar da firji a buɗe, robobi sun yi gumin sanyi, abokansa na layi. Da aka tashi, rana ta take, ga mai ƙanƙara a bakin ƙofa. Da yamma a sake sabon zubi a ƙofar Islamiyya. Sau huɗu ke nan a yini, da kuɗi a aljihunsa, kuma duk babban da ya tarar a wuraren nan cinikinsa yake so. Ni da furfura ta cika min kai, in aka bi da ni ta gaban mai tsire sau huɗu kullum da kuɗi a hannuna, ban yi miki alkawarin komai ba. To bare ɗan shekara tara. An ba kura ajiyar nama, an dawo ana tuhumar ta. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa miki ba kan yaron zai sauka ba, kan manyan da ke kewaye da shi ne, har da ke.

Amma haƙorin ba zai jira duk wannan ba. Ciwon da ya kai ga hana yaro barci alama ce ta kogon ya yi zurfi, wataƙila ya kusa jijiya. A cikin makon nan ki kai shi wurin likitan haƙori; akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran manyan asibitocin gari. Kada wani ya ce miki ai haƙorin nono ne, zai yi famfara ya huta. Turamen farko na dindindin tun yaro na wajen shekara 6 suke fitowa, can ƙarshen baki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukar su na nono, su bar su su ruɓe. Kuma su ne suka fi saurin yin kogo. In an kai da wuri a cike, in an makara a cire, wanda aka cire kuma ba mai maye gurbinsa. Kanumfari na iya lafar da zugin na ɗan lokaci, ba ya toshe kogo. Kada a danna masa ƙwayar magani a jikin dasashi, tana ƙona wurin. Masu yawo suna cewa za su ciro tsutsa daga haƙori kuwa, ki riƙe kuɗinki, babu tsutsa a ciki. In kika ga kumatu ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, ranar za ki tafi, ba gobe ba.

Abin da ke cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a bakin kowa. Sukari ne abincinsu, in sun ci su fitar da wani tsami mai zaizaye haƙori, miyau kuma yana buƙatar rabin awa ko fiye kafin ya wanke wannan tsamin. Don haka yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Alewa mai tsinke da yaro zai yi ta tsotsa tun daga ƙofar makaranta har gida ta fi cokalin sukari da ya haɗiye lokaci guda lahani ga haƙori. Ɗanki daga safe zuwa magariba bakinsa ba ya samun hutu. A goge baki sau biyu da man goge baki mai sinadarin fuloraid, na daren ya fi muhimmanci, ya tofar kawai kada ya kuskure da ruwa, kuma ki tsaya a kansa ki gani da idonki, don goge bakin ɗan shekara tara bai wuce ya jiƙa buroshi ya ce ya gama ba. Aswaki da rana ƙari ne mai kyau.

Yanzu ga lissafin da nake so ki riƙe, don da shi za ki yi magana da maigidanki. Galibin lemon kwalba da na roba yana ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowace mililita 100. Robar nan mai rabin lita ke nan tana da wajen giram 50, wato cokalin shayi 12 ko sama da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in an yi ƙasa da kashi 5 ma ya fi. Ga babban mutum, wannan kusan giram 50 ne a sama, giram 25 a inda aka fi so. Yaro nasa bai kai haka ba. Roba guda ta cinye rabon babban mutum na yini, tun ba a sa alewa da ƙanƙara da shayin safe a lissafi ba. Roba ɗaya kullum, kwana biyar a mako, a wata guda kilo ɗaya ne cur na sukari. A zango guda ya haura kilo uku. Lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace, da lemon malt da muke ɗauka abin gina jiki ne, da yogot mai zaƙi, duk ba su tsira ba. Ki juya bayan robar ki duba inda aka rubuta yawan sukarin. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in aka zuba musu sukari da kofi yadda wasunmu ke yi, sunan ne kawai ya bambanta.

Game da tsoron da kike yi kuwa, ban raina shi ba, amma ki sassauta wa zuciyarki. Irin ciwon sugan da ya fi kama manya yakan bi jini, ƙiba da rashin motsa jiki da yawan shan kayan zaƙi na shekaru suna ƙara kusanto shi. Ke nan ɗanki yana da dalilin da za a kula da shi fiye da ɗan wani, sai dai abu ne na shekaru masu yawa, kuma a hannunku yake tun yanzu. Akwai wani nau'in daban da ke kama yara, wanda ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Alamominsa ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, komawa fitsarin kwance bayan an daina, da rama ana ci ana sha. In kin ga waɗannan a jikin kowane yaro, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar. In ba ki gan su ba, kada ki tsorata yaron da mutuwar kakarsa. Yaro bai san shekara talatin masu zuwa ba, haƙorin da ya hana shi barci jiya ya sani, da shi za ki yi masa magana.

Sai kular da ke dawowa a cike. A nan nake so ki daɗe, don ina zargin ba a cikinsa matsalar take ba. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli, kuma na ga abin da ke faruwa da tara. Akwai wata yarinya a ajina da kullum takan ɓuya bayan ajin ta ci abincinta a tsaye, da sauri, kamar mai cin na sata. Ɗanwake ne, da mai da yaji da yankan ƙwai, abincin da ni malamar ma na yi sha'awa. Ashe wata rana wasu 'yan ajin ne suka toshe hanci suka kira ta 'yar ƙauye. Kalma ɗaya, ta shafe zango guda tana ɓuya. A makarantun kuɗi abin ya fi tsanani, don a can robar lemo a hannu kamar lamba ce ta nuna gidanku da hali. Mai yiwuwa ɗanki ba ƙin girkinki yake ba, kunyar buɗe kular yake ji a gaban waɗanda suka riƙe biskit da lemo.

Ki tambaye shi, amma ba a tsaye da hannu a ƙugu ba. Ki bari sai kuna zaune ku biyu, kina tsince shinkafa ko kina ninke kaya, ki ce masa su wane me suke ci da tara, a ina kuke zama, akwai wanda ake yi wa dariya? Ki tambayi labarin wasu, nasa zai fito da kansa. Wataƙila kuma dalilin ya fi wannan sauƙi. Tara a makarantu da yawa ba ta wuce minti ashirin zuwa talatin ba, yaro kuma so yake ya buga ƙwallo. Shinkafa da miya da ta huce, mai neman cokali da wurin zama, ba za ta yi takara da abin da za a kurɓa ana gudu ba. Ki koma ga abin da ake ci da hannu ɗaya: ƙosai, alale, awara, dafaffen ƙwai, waina, gurasa da ƙuli, soyayyen dankalin Hausa, gyaɗa, dabino uku ko huɗu, gwaiba ko ayaba, yalo ko karas a lokacinsu. Kaɗan, ba tuli ba. Ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu tun da dare, don abin da yaro ya zaɓa da bakinsa ya fi wuyar dawowa da shi. In kina da hali ki riƙa ƙara ɗaya don abokinsa. Yaron da ke rabon awara da tara ba a yi masa dariya, bin sa ake yi.

Kada kuma ki manta ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, aji cike da yara, ba fanka. Sau da yawa ba zaƙin yaro ke nema ba, sanyin yake nema, abin sanyi ɗaya tilo da ke makarantar kuma yana cikin firjin shago. Ki cika masa gora da ruwa ki sa a firiza tun dare in an samu wuta, in babu ki sayi ƙanƙara ki jefa, ki naɗe gorar da tsumma. Ranar da kika ga dama ki yi masa zoɓo da abarba da citta, ko kunun aya da dabino, ki riƙa rage sukarin sannu a hankali yadda harshensa ba zai farga ba. Harshe na sabo; bayan 'yan makonni abin da yake sha da zai fara yi masa zaƙi da yawa. Sannan ya fita gida da cikinsa a cike. Shayi mai cokali uku na sukari da burodi ba karin kumallo ba ne mai riƙe ciki, kafin tara ya narke, yunwa ta kora shi shago. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗumamen tuwo, wake da shinkafa, waɗannan su ke kai yaro azahar. Ki duba gwangwanin sukarin kicin ɗinki ma, kwana nawa yake yi. Ba zargi ba ne, nawa ma na duba.

Kuɗin tara shi ne igiyar da ke hannunku, amma ba ke kike bayarwa ba, don haka sai an bi ta kan maigida. Kada ki tare shi da maganar yana shigowa, kada kuma ki ce masa shi ya ɓata yaron. Bayan ya ci abinci ya natsu, ki kawo kofin gilashi da gwangwanin sukari, ki auna cokali 12 a gabansa, ki ce Baban wane, ka ga abin da ɗanka ke sha kullum da tara, kai za ka iya shanye wannan a shayi? Maza da yawa ba sa jin dogon bayani, amma suna ganin abin da aka ajiye a gabansu. Ki biyo da lissafin aljihu: 500 sau biyar 2,500 ne a mako, 10,000 a wata, ga kuma kuɗin likitan haƙori da zai fito daga aljihun nan dai. Abin da za ki nema a wurinsa ba hana yaron kuɗi gaba ɗaya ba ne. A rage abin da ke shiga hannunsa ya koma wanda bai isa sayen roba ba, ragowar a riƙa jefa masa a asusu a gabansa, da sunan wani abu da ransa ke so, ƙwallo ko takalmin wasa ko keke. Yana ganin asusun na nauyi, zai ji ba ƙwace aka yi masa ba.

Kuma a bar masa rana guda. Juma'a, misali, ƙaramar kwalba, a sha tare da abinci a gida, kowa ya sani. Abin da aka haramta kwata-kwata shi yaro ke ci a bayan ɗaki, kin riga kin ga inda ɓoyo ya kai ku. Abu ɗaya ne ban yarda a ba shi ko rana guda ba, lemukan nan da ake kira na ƙarin kuzari, waɗanda yanzu suka cika shaguna. Ban da sukari suna da sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da sa bugun zuciya, ba a yi su don yara ba.

Hajiya kakarsa kuwa, a nan sai kin taka a hankali. Tsakanin kaka da jika akwai abin da uwa ba ta shiga. Mijinta ne, angonta ne, kuɗin da take danƙa masa kuɗin cefane ne na wasa, kuma da shi take jin har yanzu tana da abin bayarwa. In kika ce ta daina, abin da za ta ji shi ne suruka na raba ta da jikanta, daga nan maganar ta tashi daga haƙori ta koma wani abu da za ku shekara kuna gyarawa. Ɗanta ne zai yi mata magana, ba ke ba. In da hali ma a tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita, ta ga angon nata a kan kujera baki buɗe. Sannan kada a ce ta daina bayarwa, a canza mata abin bayarwar. A ce Hajiya, likita ya hana shi alewa, amma ya ce ƙwai da gyaɗa da dabino da fura za su gina shi, kuma daga hannunki ya fi karɓa. A kai mata asusun ma ɗakinta ya zauna, ita ce ma'aji. Tsohuwar da aka ba muƙami ba ta yin zagon ƙasa.

Bashin nan a biya shi, amma daga kuɗin yaron, kaɗan kaɗan, kuma shi zai miƙa da hannunsa kina tsaye. Wannan ya fi bulala goma zama a ransa. A wurin kuma, cikin fara'a, ki ce wa mai shagon daga yau duk abin da ta ba shi bashi kyauta ta ba shi. Babbar mace da ta buɗe wa ɗan aji huɗu littafin bashi ba tare da sanin iyayensa ba ta fi yaron laifi, ko da ba za ki faɗa mata haka a fuska ba.

Na san abin da ke ranki: shagon na matar mai makaranta ne, kina tsoron a sa wa ɗanki ido. Shi ya sa ba za ki je ke kaɗai ba. Na tabbata ba kularki ce kaɗai ke dawowa a cike ba. Ki nemi uwaye huɗu ko biyar, ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kada ki fara jefa maganar a zauren WhatsApp na iyaye, don can kafin la'asar ta zama faɗa, wata ta ɗauki hoton maganarki ta tura inda ba ki so. Ku nemi a sa batun a taron iyaye da malamai, ku je da buƙatu kaɗan da za a iya yi: a daina ba yara bashi, a samar da ruwan sha mai tsabta da yaro zai sha ba da kuɗi ba, a cire lemon ƙarin kuzari, a daina sayar wa 'yan firamare lemo da tara, a kawo abinci na gaske cikin shagon. Kada ku ce a rufe shago. Ba za a rufe ba, kuma kun yi abokiyar gaba a banza. Ku nuna mata inda ribarta take: ruwan sanyi, ƙwai, ƙosai, alale, yankakkiyar kankana, duk ana cin riba a kansu, iyaye kuma za su yarda su biya na mako gaba ɗaya a hannunta in sun san abin da za a ba 'ya'yansu. Makarantar kuɗi da kuɗin iyaye take numfashi. Uwa ɗaya mai ƙorafi fitinanniya ce, uwaye goma kuwa kwastomomi ne da ba a so su tafi.

Kada ki ɗauka abin da kuke nema baƙon abu ne. Ƙasar Chile tun 2016 ta sa doka cewa duk abin ci ko sha da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ya wuce ƙima sai an manna masa baƙin tambari a gaba, kuma duk mai wannan tambarin ba a sayar da shi a cikin makaranta. Mu a nan, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, wato naira biyar a robar da ɗanki ke sha, kuɗin da yau ko ashana ba zai saya ba. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro kuwa, na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne a makarantun gwamnati, bai taɓa shafar irin makarantar ɗanki ba. Ke nan ba wani jami'i da zai zo ya gyara muku shagon nan, sai ku.

Saura maƙwabciyarki, kuma na ji daɗi da kika ambaci marayunta, don ya nuna ba ki son gyaran ɗanki ya zama rushewar gidan wata. Kada ki kai ƙararta makaranta, kada ki sa a kore ta daga bakin ƙofa. In an kore ta ma gobe wata za ta ajiye faranti a wurin, wadda ba ki san gidanta ba. Ita wannan kin san inda take kwana, kin san ruwan da take amfani da shi, ko kina iya sani, wannan kuwa babban abu ne. Don a gaskiya ƙanƙara mai kala ta fi lemon kamfani tayar min da hankali. Lemon kamfani a hankali yake ɓarnarsa, amma abin da aka haɗa da ruwan da ba a san asalinsa ba da garin lemon da ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikinsa yana iya kwantar da yaro a dare ɗaya. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifod da kwalara. Kuma mutanen Kano ba su manta watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da garin da ya lalace da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Mai haɗa irin wannan ba lallai da mugunta take yi ba, tana iya bin araha a kasuwa ba ta san me ta saya ba. Maƙwabciyarki ma tana iya faɗawa wannan ramin da zuciya ɗaya, kuma 'ya'yanta ne farkon masu shan abin da ya rage.

Ki shiga gidanta bayan magariba, yadda kika saba shiga, ku gaisa, ki tambayi yara. Sannan ki ce mata, Maman wance, ɗanki fa haƙori ya hana mu barci, likita ya hana shi alewa da ƙanƙara, na ce ba wadda za ta taya ni tsare shi a bakin makaranta sai ke. Ki ce ɗanki, kada ki ce ɗana. Daga nan ki kawo cinikin: za ki riƙa ba ta kuɗin mako a hannu ranar Asabar, ita kuma in an tashi ta ba shi dafaffiyar gyaɗa ko awara ko ƙwai, abin da ta ga za ta iya ɗorawa a farantinta. Ba ta yi asarar kwastoma ba, ta samu mai biya tun kafin a ci. In uwayen nan huɗu ko biyar suka bi sahunki, kin ba ta jarin da za ta fara suyar awara a wurin, ribar awara kuma ba ta gaza ta alewa ba. Zancen garin lemon da ruwan ƙanƙarar kada ki haɗa shi da wannan zuwan, zai yi mata yawa ta ji kamar tuhuma. Ki bari sai kun yi mako biyu kuna wannan ciniki, ranar da kika kai mata kuɗi, ki ce af, ni kam wane gari kike saye, mu ga ledar.